Gubar da ba ta kashe agwagwa, sai dai ta fasa mata ƙwai

Idan ana gardama a kan maganin ƙwari, hujjar manomi ɗaya ce: "Ai mun yi feshi, ko kaza ba ta mutu ba." Ni kam wannan hujja ba ta gamsar da ni, kuma agwagwa ce shaidata.

A wani gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 1969, masu bincike a cibiyar Patuxent da ke jihar Maryland ta Amurka suka riƙa barbaɗa wa agwagin daji sinadarin DDE a abinci, wato abin da maganin ƙwari na DDT ke rikiɗewa ya zama a cikin jiki. Ɗan kaɗan fa. Agwagin na ci, suna iyo, suna nasa ƙwai, ba alamar ciwo. Amma ka ɗauki ƙwan, ɓawon ya yi shara-shara. Wani ya tsage tun a gurbi, wani ya ƙare a ɓaragurbi. Kafin nan da shekara biyu wani masani mai suna Derek Ratcliffe ya lura da irin wannan a ƙwan wani nau'in shaho a Birtaniya.

Abin da ke faruwa, ɓawo kusan duka alli ne, wanda jigonsa sinadarin kalsiyam ne, kuma a cikin mahaifar ƙwai akwai wurin da ke janyo shi daga jini yana yaɓa wa ƙwan. DDE na maƙalewa a kitse, ya daƙile aikin wannan wuri. Ko an cika mata abinci da kalsiyam, hanyar ce ta toshe. Abin mamaki, kazar gida ba ta cika nuna wannan illa ba. Ashe ma wanda ke auna guba da kaza ya ɗauki mudun da ba shi ba ne.

Amurka ta haramta DDT a gona a 1972, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kuma ta bar shi don yaƙi da ƙwarin da ke yaɗa cuta, irin su sauro. Sai dai yana daɗewa a laka shekara da shekaru, haka ma danginsa irin su Gamalin da wasu masunta ke zubawa a ruwa. Dausayin Haɗeja zuwa Nguru kuwa gidan kirinjijiya ne da dinya, ga agwagin Turai da ke sauka da hunturu. A ganina, hukumomin muhalli su daina jiran ganin mushe a bakin ruwa. Su tura mutane gurbi da damina, su auna kaurin ɓawo.