Godiyar talo-talo da godiyar dami

Duk Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba Amurka takan tsaya cak. Ofisoshi da makarantu a rufe, filayen jirgin sama maƙil, kowa ya nufi gida cin talo-talo da kabewa. Ranar Godiya ke nan. Abin da ke ɗaure min kai shi ne majami'u da yawa ba a ko buɗe su a ranar.

Asalin abin kuwa daga masu ibada ya fito. A 1620 jirgin ruwan Mayflower ya sauke mutum 102 daga Ingila a gaɓar da ta zama Plymouth, cikinsu da waɗanda suka rabu da cocin gwamnati. Kafin sanyin farko ya wuce, kusan rabinsu sun mutu. Tisquantum, ɗan asalin ƙasar, shi ya koya wa sauran shuka masara. Da kaka ta yi a 1621 aka yi kwana uku ana ci, Massasoit sarkin ƙabilar Wampanoag, 'yan asalin wurin, ya zo da mutum wajen 90, suka kawo barewa biyar. Sai a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ta ranar ƙasa, daga nan aka riƙa yin ta kowace shekara. Jikokin masu masaukin kuma, wato 'yan asalin ƙasar, tun 1970 wasunsu ke taruwa a Plymouth a wannan rana suna makoki, don sun san abin da ya biyo bayan cin abincin.

A gida Najeriya, a majami'un ECWA da COCIN da EYN, godiyar kaka a ka ake ɗauko ta. Damin dawa, buhun masara, doya, wani har da akuya tana tirjiya, zumuntar mata na gaba da waƙa. Gwauruwar da ba ta da komai ta kawo mudun gyaɗa, a karɓa. Wannan ya fi kusa da abin da Kubawar Shari'a sura 26, a Littafi Mai Tsarki, ta umarta: ka sa nunan fari a kwando ka kai gaban bagade. Mai godiya sai rumbunsa ya ragu.

Ban ce namu ba shi da aibi ba. In aka zo gwanjon kayan, wani attajiri ya sayi kaza ɗaya da kuɗin rago don a kira sunansa a lasifika, talaka ya sunkuyar da kai. Amurkawa kuma sun fi mu a wani wuri: ba sa son baƙo ya wuni shi kaɗai, coci-coci na dafa wa marasa gida abinci.

Duk da haka, a can Amurka in aka zagaya tebur kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai, sau da yawa ba a ambaton wanda ake gode wa. Washegari da asuba kuma layi ya miƙe a ƙofar kantuna, ana rububin rangwame.