Nasiha Ga Masu Ɗaukar Hoton Tsuntsaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan uwa na Maradi da kewaye.

Allah Maɗaukaki ya tambaye mu a Suratul Mulk, aya ta 19: shin ba su dubi tsuntsaye a samansu ba, suna shimfiɗa fukafukai suna kuma naɗewa, babu mai riƙe su sai Mai Rahama? Dubawa aka neme mu da ita. Yau kusan kowa na da kamara a aljihu, amma masu duba sun yi ƙaranci. Malamai sun yi saɓani a kan hoton abu mai rai, da yawa daga cikinsu sun halatta na kamara, kowa ya bi malamin da ya aminta da iliminsa. Maganar nan ga wanda zai ɗauka ce: ya ɗauka da sani, kuma kada ya cutar da abin da yake ɗauka.

Fara da lokaci. Bayan sallar asuba da azkar, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sannan tsuntsaye ke kiwo, haske kuma yana da laushi. Shi ne abin da Manzon Allah (SAW) ya siffanta a hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Umar: suna fita da sassafe da yunwa, su dawo da yamma cikinsu a cike. Da rana tsaka zafi yana tashi daga ƙasa yana kaɗa iska, hoton abu mai nisa sai ya fito a narke komai tsadar kamara. Ka sa rana a bayanka. In ta kasance a gabanka, tsuntsun zai fito baƙi ƙirin, ba ido ba launi.

Ba sai ka yi nisa ba. Bakin tafkin Madarunfa akwai zalɓe da balbela da agwagin ruwa, fadamun Gulbin Maradi akwai kabare da kurciya, dajin Baban Rafi akwai cilakowa. Shamuwa kuwa har gida take iske mu. Wajen Afrilu da Mayu take isowa daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, tana cin fara da tsutsa, manomi na ganinta ya san damina ta kusa. Wa ya nuna mata hanyar dubban kilomita, ta zo daidai da ruwa?

Mai babbar kamara yana bukatar gilashi mai jawowa na milimita 300 zuwa 400. Saurin ƙiftawar kamara shi ne inda mafi yawa ke faɗuwa. Tsuntsun da ke zaune, 1/500 na daƙiƙa ya isa. Mai tashi, 1/1000 zuwa sama, ƙananan masu saurin fiffike kuwa 1/2000. In haske bai kai ba, ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, zuwa 800 ko 1600. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ya fi wanda ya girgiza. Saiti a kan ido ake yinsa, domin in ido bai fito ba hoton ya mutu. Balbela fara ce fat, kamara takan ƙona farin har zanen gashin ya ɓace, saboda haka rage ma'aunin haske da mataki 1. Shamuwa a sararin sama akasin haka ne, sai ka ƙara mataki 1, in ba haka ba shuɗin fuskarta da jan da ke gefen idonta ba za su fito ba.

Mai salula kada ya ja zum har ƙarshe, yanka hoton kawai yake yi yana faɗaɗa shi. Danna kan tsuntsun ka riƙe har saiti ya kulle, ka jingina gwiwar hannu da itace, ka ɗauki hotuna a jere ka zaɓi guda. Lokacin hunturu kada ka sauya gilashi a fili, ƙurar hazo za ta shiga ciki ta bar ɗige-ɗige a kowane hoto. Kuma ka hure ƙura kafin ka goge, don yashi yana kartar gilashi.

Sauran aikin duk haƙuri ne. Sa tufa marar ƙyalli, ka zauna ƙasa, ka yi shiru minti 20 ko 30, tsuntsu da kansa zai matso. A wannan zaman ne ake ganin abin da ya fi hoto. Dubi kabare: namijin ne ke tsaga ciyawa siri-siri ya saƙa sheƙa, ƙofarta na kallon ƙasa, sannan ya rataye a ƙarƙashinta yana kaɗa fiffike yana kiran mace ta zo ta duba. In ba ta yarda ba, ya saƙa wata sheƙar. Dubi cilakowa: macen takan shiga kogon itace a toshe bakin da laka, a bar ƴar tsaga, namiji yana kawo mata abinci ta nan har ta ƙyanƙyashe. Alhudahuda in ya sauka sai ya buɗe tukkunsa na ɗan lokaci, wanda ya san haka yakan shirya yatsa tun kafin ya dira. Allah ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, al'ummomi ne kamar ku, a Suratun Nur, aya ta 41 kuma, kowanne ya san sallarsa da tasbihinsa. Ɗan uwa, wanda ya ga wannan da idonsa harshensa bai motsa da Subhanallah ba, me ya je yi daji?

A nan ne nake son mu ji tsoron Allah. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata ƴar tsuntsuwa guda biyu a wata tafiya, ta zo tana shawagi tana karkaɗa fiffike, Manzon Allah (SAW) ya ce: wa ya tayar wa wannan hankali a kan ƴaƴanta? Ku mayar mata da su. To, ina ga mai hawa itace ya sare reshen da ya rufe sheƙa don hoto ya fito? Wannan reshen shi ne inuwar ƴan tsaki, shi ne kuma ya ɓoye su daga shirwa da hankaka. Uwa in ta tashi saboda kai a zafin bazara, rana na iya kashe ƙwai cikin ɗan lokaci. Alamar ka matsa da yawa a bayyane take: tsuntsu ya daina kiwo, ya miƙe wuya, ko yana riƙe da abinci a baki ya ƙi shiga sheƙa. Ja da baya nan take. Jifa don ya tashi a ɗauke shi a sama zalunci ne. Kunna kukan tsuntsu a salula don a jawo shi yaudara ce, yakan bar ƙwansa ya fito neman abokin gaba da babu shi.

Akwai hanyar da hoto da lada ke haɗuwa. Aje kasko a inuwa kusa da itace, zurfin ruwan kada ya wuce santimita 3, ka sa dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa, ka ɗaga shi inda kyanwa ba za ta yi kwanto ba. Sauya ruwan kullum saboda sauro. A Maris da Afrilu, sanda ƙasa ta bushe, cikin ƴan kwanaki za su saba, kai kuma kana zaune mita 4 ko 5 a bayan zana. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa akwai lada a shayar da duk mai ɗanyar hanta.

Haƙƙin mutane ma yana nan. Nemi izini kafin ka shiga gona ko garka, kada ka tattake shuka. A bakin tafki kau da kamara daga mata masu wanki da ɗiban ruwa. In za ka sa hoton a Facebook ko WhatsApp, faɗi sunan tsuntsun da watan da ka ɗauka, kada ka sa hoton wani ka ce naka ne. Sheƙa kuwa, musamman ta mujiya da ta ungulu waɗanda ake farauta saboda camfi da tsibbu, kada ka bayyana itacen da take, kuma ka kashe alamar wuri a salularka kafin ka tura.