Siririn ba dolo ba ne

Ran Juma'a da yamma, kasuwar Wudil ta fara watsewa, na tarar da samari a rumfar mai shayi sun yi cincirindo kan waya ɗaya. Tsohon fim ne marar launi: ƙato da siriri suna fama da akwatin fiyano a kan doguwar matakala, sun kusa kai shi sama sai ya suɓuce ya gangaro. Siririn ya sosa tsakar kai, ya kwaɓe fuska zai yi kuka. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai, yaro, wannan dolo ne na Allah."

Ban yi wa Baba musu ba, amma ya faɗa tarkon da aka ɗana masa. Siririn shi ne Stan Laurel, haifaffen Ingila a 1890, wanda ya je Amurka a 1910 cikin ayarin 'yan wasa guda da Charlie Chaplin. Daga 1927 aka haɗa shi da ƙaton, Oliver Hardy, suka fito tare a fim sama da 100. Na fiyanon nan ya ci kyautar Oscar a 1932. Kuma yawancin wautar da ake gani, siririn ne ke zama ya tsara ta. In an tashi aiki Hardy ya tafi wasan golf abinsa, shi kuwa Laurel yana nan wurin masu tace fim, yana auna inda dariya za ta faɗo.

Mu ma haka muke yi wa namu. Har Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014 akwai masu ɗaukar cewa yadda yake a fim haka yake a gida. Wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan gambara a kasuwa ya san wasan ba na mutum ɗaya ba ne: wani ya jefa, wani ya cafe, in mai cafewa ya makara da ƙiftawar ido, maganar ta mutu. Shi ya sa nake jin takaicin yaranmu masu barkwanci a TikTok. Da zarar mabiya sun taru, kowa ya ja nasa, wai shi ake kallo. Bayan wata biyu ka ga duk sun yi lami.

Hardy ya rasu a 1957. Laurel ya ƙara shekara takwas a duniya, masu shirya fim suna ta zawarcinsa, ya ƙi fitowa ko sau ɗaya. Yana zaune a ɗan gidansa na Santa Monica, yana rubuta sababbin wasanni na mutum biyu.