Littattafan soyayyar Indiyawan waje da likitan da uwa ke zaɓowa

Wajen wata uku kenan ina bin littattafan soyayyar nan na Indiyawa mazauna Amurka da Ingila a waya, yau dai sai na amayar da abin da ke raina, wadda za ta ji haushi ta ji.

Labarin kusan ɗaya ne. An haifi yarinya a Landan, ta yi boko tana aikinta, talatin ta ƙwanƙwasa ƙofa, hankalin uwa ya tashi. Sai a haɗa takardar nan da suke kira bayodata, a rubuta tsawonta, karatunta, garin kakanninta a Punjab ko Gujarat, har da ƙarfe nawa aka haife ta don a kai wa masu duba su ga ko taurarinsu sun zo ɗaya. Ran Lahadi dangin yaro su zo, a sa ta ɗauko faranti da shayi da samosa ta shigo falo kai a ƙasa, uwar yaron na ƙare mata kallo tun daga yatsun ƙafa. Nan wajen kam sun iya rubutu wallahi, har kunya ke kama ni kamar ni aka zo gani.

Amma fa wanda iyayen suka zaɓo, kullum sai ya zama likita, dogo, kyakkyawa, ga barkwanci, wai har girki ya iya. Za ta yi ta fushi da zumɓura baki shafi ɗari biyu, alhali tun shafi na goma kin san inda za a kwana. To ina rikicin al'ada da soyayya a nan? Zuma aka ajiye mata dama, zuma hagu, aka ce zaɓi.

Mu da muka tashi da kallon Indiya mun san wannan dabarar tun fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, Raj ɗan Landan ya bi Simran har Punjab amma ya ƙi guduwa da ita sai babanta ya sake ta da hannunsa. Kowa ya tashi da riba, uba bai ji kunya ba, 'ya ba ta yi kuka a banza ba. Tun daga lokacin har yau marubutan nan ba su bar gindin wannan bishiyar ba.

Ni iyayen ma sun fi ba ni sha'awa da tausayi. Da yawansu sun shiga Amurka ne bayan dokar shige da fice ta 1965, likitoci da injiniyoyi, wasu kuma Idi Amin ne ya kore su daga Yuganda a 1972 ya ba su kwana 90, suka tsinci kansu a garin Lesta na Ingila cikin sanyi da akwati ɗaya. Wanda ya bar gida haka, al'adar da ya ƙunso a akwatin ita ce gidansa, shi ya sa za ki ga uwa a unguwar Southall ta Landan ta fi 'yar uwarta da ke Mumbai tsanani. Amma a littafin sai a mai da ita abin dariya, mai mita da tura hotunan samari a WhatsApp kawai.

Kuma ku fahimce ni, ban ce auren haɗi auren dole ba ne, a na haɗi yarinya na da bakin cewa a'a, na dolen kuwa Ingila ta mai da shi laifi tun 2014. Ƙorafina abin da ake tsallakewa ne. Maganar asali, wanda gidan Brahmin, 'yan ajin sama a tsarin asalin Indiya, ba sa ko kallon bayodatar ɗan Dalit, 'yan ajin can ƙasa, ko da dala yake haƙowa, mu ma ai mun san binciken asali, sau nawa aka fasa aure don an ce kakan yaro mahauci ne. Maganar "muna neman fara". Maganar dukiyar da iyayen amarya ke biyan gidan ango, wadda Indiya ta haramta tun 1961 amma har gobe ana yi da sunan kyauta.

Sannan ita wadda ake ɗaukowa daga gida fa? Sun haɗu sau biyu, an ɗaura, ta bi shi Amurka da bizar H-4 wadda kafin 2015 ba ta ba ta damar yin aiki sam, zamanta a ƙasar rataye yake da takardunsa. Tana da digiri biyu amma tana zaune a ɗaki tana kallon ƙanƙara ta taga, tana lissafin ƙarfe nawa ne a Hyderabad ko mamarta ta tashi daga barci. Idan so ya tsiro tsakaninta da wannan mutumin, a hankali, wajen wanke-wanke da koya mata tuƙi, to labarin da nake nema kenan. Wadda ta san irinsa ta ajiye min sunan a ƙasa don Allah, amma in likita ne dogo kar ma ki wahalar da yatsunki.