Na kaɗa ƙuri'ar ficewa, kuma har yau tana ci mini tuwo a ƙwarya

Ranar Alhamis 23 ga Yuni, 2016, azumi ya yi nisa, na taso daga aiki na biya ta wata makarantar firamare a unguwarmu da ke Birmingham. Na karɓi 'yar takarda, na shiga bayan labule, na buga alama a gaban "a fita daga Tarayyar Turai". Daga nan na wuce gida jiran shan ruwa, wanda a irin wannan lokaci na shekara sai wajen tara da rabi na dare. Zuciyata fes, ina ganin na yi abin kirki.

Mutane da yawa a gida ba su san ɗan Najeriya mazaunin Birtaniya yana da ƙuri'a ba. Yana da ita, domin muna cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Amma mutumin Polan ko Bafaranshe da ya shekara ashirin a nan yana biyan haraji, a ranar ba shi da bakin magana. Makomarsa ake yankewa, ni aka miƙa wa wuƙar.

Dalilina ba ɓoyayye ba ne. Tun 2012 aka kafa doka cewa wanda zai kawo matarsa daga wajen Turai sai yana samun fam 18,600 a shekara. Albashina bai kai ba. Amaryata tana Mubi, ni ina nan, sai waya. Shekara biyu muka yi a haka kafin na haɗa aiki biyu na cika ƙa'ida. A wurin aikin akwai wani abokina ɗan Polan, mutumin kirki wanda yakan karɓe ni aiki in zan je Juma'a. Shi tasa matar mota kawai ta hau ta zo, ba wanda ya tambaye shi ko kwabo nawa yake samu. Ban ƙi shi ba, amma abin ya tsaya mini a maƙogwaro. Sai ga masu raba takardu a ƙofar masallaci suna cewa in an fita, ƙofa za ta zama ɗaya ga kowa, mu da kakanninmu suka yi wa Ingila yaƙi a Bama ba za a ƙara fifita wani a kanmu ba. Masu gidajen abinci 'yan Bangaladash su ma an yi musu alkawarin za su riƙa kawo masu dafuwa daga gida. Maganar ta shige ni, domin ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Gari ya waye, masu son fita sun samu kashi 51.9 cikin ɗari, masu son zama kashi 48.1. Mutum miliyan 17.4 a gefe guda, miliyan 16.1 a ɗaya gefen. Landan ta ce a zauna, Sikotiland ta ce a zauna da kashi 62, Ailan ta Arewa ma ta ce a zauna. Birmingham ɗinmu ta rabu kusan biyu daidai, masu fita suka ɗara da ƙiris. Kafin hantsi David Cameron, firaministan da ya kira ƙuri'ar don ya kashe rigimar cikin jam'iyyarsa, ya fito ƙofar gidan gwamnati ya ce zai sauka. Darajar fam ta faɗi ƙasan da ba ta taɓa kai ba tun 1985. A safiyar nan kuma aka tambayi Nigel Farage, ɗaya daga cikin jagororin masu son fita, a talabijin batun fam miliyan 350 da aka rubuta a jikin jar motar yaƙin neman ƙuri'a, wai ana tura wa Turai kowane mako, gara a zuba su a asibitocin gwamnati. Ya ce shi ba zai iya ba da tabbaci ba, kuskure ne aka yi wannan alkawari. Ko tawadar sakamakon ba ta bushe ba.

Abin da ya biyo baya, wanda ya zauna a nan ba zai so ya sake ganinsa ba. Shekara uku da rabi ƙasa ta tsaya cik a kan magana ɗaya. Theresa May, firaministar da ta gaji Cameron, ta kai yarjejeniyarta ta fita majalisa sau uku ana watsar da ita, karon farko da ratar ƙuri'a 230. Boris Johnson da ya gaje ta ya rufe majalisa, kotun ƙoli ta ce rufewar ta saɓa doka. Dubban ɗaruruwa suka cika titunan Landan suna neman a sake ƙuri'a, sama da mutum miliyan shida suka sa hannu a takardar neman a fasa. Uba da ɗa suka daina gaisawa. Daga ƙarshe aka fita ranar 31 ga Janairu, 2020.

Yanzu in ka duba binciken jin ra'ayin jama'a, fiye da rabin mutanen ƙasar suna cewa fitar kuskure ce. Ofishin da ke yi wa gwamnati hasashen kasafin kuɗi ya ƙiyasta cewa a tafiya mai nisa tattalin arziki zai gaza abin da zai kai da kusan kashi 4 cikin ɗari. Farage da kansa a 2023 ya ce fitar ba ta yi nasara ba, ya ɗora laifin a kan masu mulki. Adalci ne a faɗa cewa annobar korona da yaƙin Yukren sun ƙara wa tsadar rayuwa gishiri. Amma layin mai da muka sha a kakar 2021, lokacin da aka rasa direbobin manyan motoci, wannan kam da idona na gani, kuma na san inda direbobin da nake gaisawa da su suka koma.

To mu fa, an cika mana alkawari? Nan ne maganar take da ɗaci, domin an cika rabinsa. Daga 2021, da 'yan Turai suka ja baya, asibitoci da gidajen kula da tsofaffi suka rasa hannu, aka buɗe ƙofa. 'Yan Najeriya suka shigo da yawan da ba a taɓa gani ba, masu jinya, masu kula da tsofaffi, ɗalibai da iyalansu. A masallacinmu Hausa ta fara tashi a sahu na biyu da na uku, na yi murna. Sai alƙaluma suka fito cewa a shekarar da ta ƙare a Yunin 2023, waɗanda suka shigo sun zarce waɗanda suka fita da kusan dubu ɗari tara. Wanda ya zaɓi fita don a rage baƙi ya ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Daga nan aka fara datse ƙofar. A Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali. A Maris aka hana masu kula da tsofaffi zuwa da nasu. A Afrilu, fam 18,600 ɗin nan da ta sa na buga alama ta koma fam 29,000. Akwai wani ƙanena a nan, matarsa tana Gombe, duk lokacin da ya zauna yana lissafin albashinsa a gabana sai in ji kamar ƙasa ta tsage.

Da-na-sani iri biyu ce a ƙasar nan, kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai mai cewa "na yi kuskure". Akwai mai cewa "an ci amanata, ba a fita yadda na so ba". Na farko yakan yi shiru, ya sunkuyar da kai. Na biyu shi ne mai ihu, kuma fushinsa ba ya hawa sama wajen waɗanda suka yi masa romon baka, ƙasa yake gangarowa. An bar jaki ana dukan taiki. Alamar ta fito tun kafin ƙuri'a, ranar 16 ga Yuni, da aka kashe 'yar majalisa Jo Cox, mai goyon bayan a zauna, a kan titi a mazaɓarta. Na ji labarin, na yi salati, bayan mako guda na je na zaɓi ɓangaren da aka lulluɓe da hoton dogon layin 'yan gudun hijira da barazanar cewa Turkawa miliyan 76 suna tafe. Na ga hotunan nan. Na san su wa ake nufi. Na gaya wa kaina ba da ni ake ba.

A wannan zama nakan tuna kakata. Mu mutanen Mubi mun san ƙuri'ar raba gardama tun kafin yawancin 'yan Najeriya su ji sunanta, domin yankinmu yana cikin Kamarun Arewa da Ingila ta riƙe amana a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A Fabrairun 1961 aka tambayi mutane: Najeriya ko Kamaru? Mata sun yi zaɓe a wannan karon, shekaru masu yawa kafin matan Arewacin Najeriya su samu ƙuri'a, kuma kakata tana cikinsu. Kusan kashi 60 suka zaɓi Najeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. Gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta Kamaru ta yi zaman makoki, ta kai ƙara kotun duniya, ba ta samu biyan buƙata ba. Kaka takan ce ita ba ta san dogon turanci ba, amma ta san Yola, ta san Garwa, ta san inda ake kai gyaɗa da inda alƙali yake. Gida biyu aka nuna mata, kowanne da ƙofarsa, ta zaɓi ɗaya.

Ni ba gida biyu aka nuna mini ba. An nuna mini gida guda da nake ciki, da kuma wata ƙofa buɗe, ba wanda ya ce ga abin da ke bayanta. Kowa ya zana abin da ransa yake so. Masunci ya ga teku ta dawo hannunsa. Tsohuwa ta ga asibiti. Attajiri ya ga kasuwa babu ƙa'ida. Mai ƙin baƙi ya ga unguwarsa babu mu, ni kuma na ga matata a filin jirgi. Ni da shi akwati ɗaya muka jefa takarda, alama ɗaya muka buga, kuma ba yadda za a yi a biya mu duka biyu. Wannan shi ne laifin da nake gani a ƙuri'ar, kafin ma a zo kan ƙaryar da aka yi. Tambayar da amsarta ɗaya take da fuska goma bai kamata a yanke ta da ratar ƙasa da kashi huɗu ba, a rana ɗaya, babu sharaɗin komawa ga jama'a in an ga ainihin yarjejeniyar. 'Yan'uwanmu na Kamarun Kudu ma a 1961 gida biyu aka nuna musu alhali da yawansu na uku suke so, wato cin gashin kansu. Jinin da ke zuba a yankin Bamenda tun ƙarshen 2016 yana da saiwa a wannan tambaya da aka taƙaita.

In na yi wannan magana da 'yan gida, sukan ce ai mu ma mun sani, mun yi "canji" a 2015. Gaskiya ne, kamannin suna da yawa. Kalma ɗaya ce, kowa ya cusa mata burinsa, har wasu suka yi tattaki a ƙafa zuwa Abuja don murna, bayan shekara biyu aka koma tsaki a bakin shago. Amma zaɓe yana da ranar dawowa. Ko ba ka yarda da masu ƙirga ƙuri'a ba, ka san bayan shekara huɗu za a sake kafa rumfa. Raba gardama tsalle ɗaya ne cikin rijiya. Shi ya sa nake jin tsoro in na ji matasa a Facebook, na Arewa da na Kudu, suna cewa a yi raba gardama kowa ya kama gabansa. Gabansa ina? Ina iyaka za ta bi ta Kudancin Kaduna da Filato? Bahaushen Sabo a Ibadan da Inyamurin Sabon Gari a Kano, wa zai zaɓa musu? Birtaniya tana da kotuna masu ƙarfi da ma'aikata ƙwararru, tsibiri ce kuma, amma 'yar iyakar ƙasa guda da take da ita a Ailan ta kusa gagarar su. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025 ba tare da an kai tambayar rumfar zaɓe ba. Kowane ɓangare mutum yake, mai fataucin albasa tsakanin Ƙonni da Illela ya cancanci a gaya masa abin da ke bayan ƙofar.

Makon farko na Agustan 2024 ba zan manta da shi ba. A gida matasa sun fito a Kano da Kaduna da Gombe suna zanga-zangar yunwa, ina kiran 'yan'uwa ina cewa kada yara su fita. A nan kuma, bayan kisan yara uku mata a Southport, aka yaɗa ƙaryar cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya yi, gungun mutane suka far wa masallacin garin, suka cinna wuta a otal ɗin da aka ajiye masu neman mafaka a Rotherham. Har gwamnatin Najeriya ta fitar da gargaɗi ga masu shirin zuwa Birtaniya. Sai ga mahaifiyata ta kira daga Mubi, ita ce take cewa: "Ɗan nan, kada ka bar yaran nan su fita."

Daren nan mun kwana a ƙofar masallaci, mu wajen talatin, muna karɓa-karɓa. Wajen ƙarfe ɗaya saƙo ya shigo wayata. Abokina ne ɗan Polan, wanda ya tattara iyalinsa ya koma ƙasarsu tun 2019. Ya ga labarai, yana tambaya ko muna lafiya, ni da matata da yara, ya ce in abin ya yi tsanani gidansa yana da ɗaki. Na amsa masa cewa lafiya lau muke, na gode. Har yau ban gaya masa abin da na zaɓa ba.