Shari'ar Tauren Goggo

Zauren Mai Unguwa ne, can wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina, bayan an sauko daga la'asar. Liman na gefe da carbi. Ɗan Boko, ɗan ƙanen Mai Unguwa da ke aji biyu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya kafa tabarau ba don ciwon ido ba. Sai ga Ɗan Banga riƙe da wuyan rigar Mai Ga-ruwa, Goggo na bin su da salati.

GOGGO: Ranka ya daɗe, taurena! Ja, mai farin goshi. Dusa da harawa nake ɗura mishi tun damina, jiya na ɗaure shi a turke, yau sai igiya.

ƊAN BANGA: Kwantar da hankalinki Goggo, aiki ya ƙare. Ga ɓarawo, kuma ya amsa da bakinshi.

MAI UNGUWA: Kai, mi ka amsa?

MAI GA-RUWA: Baƙin taure, ranka ya daɗe.

GOGGO: Ja ne!

MAI GA-RUWA: To, ja ɗin. Da farko baƙi suka ce mini, na amsa. Na kuma amsa saniyar Alhaji na bakin masallaci.

LIMAN: Ai Alhaji bai da saniya.

MAI GA-RUWA: Duk ranar da ya saya, malam, ni na sace ta.

ƊAN BOKO: Baba, dakata. Wanga mutum dukan shi aka yi. Tun 2017 aka sa hannu a dokar hana azabtarwa a ƙasar nan, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ce duk iƙirarin da aka tatso da gallazawa kotu ba ta karɓar shi. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa mai jin jiki yakan amsa abin da bai yi ba, don dai a ƙyale shi.

ƊAN BANGA: Wa ya dake shi? Tunatarwa ce na yi mishi da gora. Kuma ranka ya daɗe, dubi fuskar nan tashi. Ni shekara da shekaru ina sintiri, daga ido nake gane ɓarawo.

ƊAN BOKO: An riga ka. Wani likita ɗan Italiya, Lombroso, a 1876 ya ce ɓarawo haihuwar shi ake yi, kuma a jiki ake gane shi: babban muƙamuƙi, dogayen hannuwa, manyan kunnuwa.

Zauren ya yi tsit. Ba wanda ya kalli kowa, amma duk Ƙofar Marusa an san kunnen da ya fi kowane faɗi. Mai Unguwa ya jawo rawani ƙasa a hankali.

MAI UNGUWA: Wanga Bature, yana da rai?

ƊAN BOKO: Ya mutu, Baba. Kuma a 1913 wani likitan Ingila, Goring, ya auna dubban fursunoni, ya gwada su da sojoji da ɗalibai, bai samu wata fuska ta ɓarayi ba.

MAI UNGUWA: To ka riƙa fara magana da Bature na biyu. Shi ne mai tarbiyya.

ƊAN BANGA: A kawo na'urar gane ƙarya mana, irin ta Turawa. Ku ga zufar da yake yi.

ƊAN BOKO: Wadda aka ƙera a Amurka a 1921? Bugun jini da numfashi take aunawa. Mai gaskiya in ya tsorata sai ta kama shi, ƙwararren maƙaryaci kuma ya wuce salin-alin.

LIMAN: Zufa kuwa, a Katsina cikin bazara, in ita ce shaida to a ɗaure ni tun daga mumbari. Mu abin da muka karanta, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Goggo, kin gan shi da idonki?

GOGGO: Ban gan shi ba. Amma baƙo ne, kuma kullum yana shigowa gidan.

MAI GA-RUWA: Ruwa nake kawo miki, Goggo. Har yau kuɗin jarka shida na wurinki.

GOGGO: Kun ji ko? Ga dalili nan!

ƊAN BOKO: Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. In za a bi doka, a kai shi caji ofis, su kuma su kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Beli ma kyauta ne, a bango aka rubuta.

GOGGO: Karanta rubutun ne kyauta, ɗan nan.

MAI GA-RUWA: Don girman Allah a bar ni a nan. Akwai ɗan garinmu da ke gidan gyaran hali yana jiran shari'a, har an yaye ɗan da aka haifa mishi. Gara gorar.

Nan fa Ɗan Boko ya miƙe, ya goya hannu a baya. Yaron yana da surutu, amma a nan dai ya taɓo inda ke ciwo.

ƊAN BOKO: Mu bar fuska, mu bi hanya. Wasu masana biyu, Cohen da Felson, a 1979 suka ce sata sai abu uku sun haɗu: mai niyya, abin ɗauka, da rashin mai tsaro. Taure dai ga shi a turke. Mai tsaro fa? Sarkin sintiri, ina kake daren jiya?

ƊAN BANGA: Ina bakin aiki.

ƊAN BOKO: A ina?

ƊAN BANGA: A teburin Mai Tsire. Ai wurin ma yana buƙatar tsaro. Jiya ya samu nama mai arha, har kyauta ya yi ta rabawa.

LIMAN: (carbi ya tsaya) Arha?

MAI UNGUWA: Malam, mi ya faru?

LIMAN: Ni dai bayan isha'i aka kira ni in yanka. Duhu ne. Na yi bisimilla, aka ba ni hanta da ƙoda. Ban duba goshi ba, wuya aka nuna mini.

MAI UNGUWA: A'uzubillahi. Malam, ina ganin...

ƊAN BANGA: Ranka ya daɗe, cinyar da na kai gidanka fa?

MAI UNGUWA: Wannan gaisuwa ce. Gaisuwa ba ta da launi.

ƊAN BOKO: Baba, a dokar Penal Code karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kanshi, in dai mutum ya sani ko yana da dalilin zargi.

ƊAN BANGA: Kai da ka ci tsinke tara?

ƊAN BOKO: Nawa duk ƙuli-ƙuli ne. Kuma ban sani ba. Rashin sani yana cikin dokar.

GOGGO: La'ilaha illallahu! Kun cinye mini taure, ku ne alƙalai, ku ne shaidu! Allah ya isa, ban yafe...

LIMAN: Goggo, kai da ƙafar da aka aiko miki sadaka da asuba, kin dafa?

Goggo ta yi shiru. Ta zauna a kan tabarma ba tare da an ce ta zauna ba.

GOGGO: Shi ya sa ina babbaka kan yana kallona kamar ya san ni.

MAI UNGUWA: A kira Mai Tsire!

MAI TSIRE: (daga bakin ƙofa, dama yana laɓe) Allah ya ja zamaninka, ni saye na yi, kuɗi hannu. Ɗan Lele ne ya jawo shi, jikan Goggo. Ya ce ita ta aiko shi, za ta canza mishi waya.

MAI UNGUWA: Sarkin sintiri, ɗauko gora, a kawo mini Ɗan Lele.

GOGGO: A kawo wa? Angon nawa? Ranka ya daɗe, yaro ne. Shekara ashirin da bakwai kacal. Kuma wanga taure dama yawo gare shi, shi ya bi yaron. Ai ka ji ɗan bokon nan ya ce an hana duka tun 2017. Na janye ƙara.

MAI UNGUWA: Alhamdulillahi, an sasanta. Malam, a shafa fatiha. Kai Mai Ga-ruwa, tashi ka tafi, kuma ka kiyaye gaba.

MAI GA-RUWA: In kiyaye mi, ranka ya daɗe? Duk zauren nan ni kaɗai ne ban ɗanɗana ba.

MAI UNGUWA: Shi ya sa ka yi fice, har aka zarge ka.

MAI GA-RUWA: To a ba ni kurata da jarkokina.

ƊAN BANGA: Suna ofishinmu a matsayin shaida. Ka zo da kuɗin ajiya, kuma ka zo da na gora, don a bayanka ta tsage.