Ba kowane ciwon kai ne maleriya da taifod ba

Mutum zai yi wata biyu kansa na sarawa, kafaɗa na zugi, hannu na raɗaɗi kamar an shafa masa barkono. Sai ya nufi kemis, a ce masa maleriya ce da taifod, a haɗo masa ƙwayoyi a leda. Bayan mako guda ya koma, a sake haɗo wasu. Wannan al'ada tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin lokacin da ya kamata a gano ciwo ake ɓatawa.

A ganina, duk wanda ciwon kai ya haɗu masa da raɗaɗin hannu, wuyansa ya kamata a fara dubawa. Ƙasusuwa bakwai ne a wuya, kuma ta tsakanin na ƙasa-ƙasa jijiyoyin da ke zuwa hannu suke fitowa. Idan ƙashi ya zaizaye, ko guringuntsin da ke tsakani ya gurɗe ya danne jijiya, zafin zai bi kafaɗa ya gangara har yatsu, wani lokaci da kasala ko ɗaukewar ji. Shi kuwa ciwon kan daga ƙeya yake tasowa. Ku dubi matar da ta shekara ashirin tana ɗaukar ruwa da itace a ka, da telan da ke wuni sunkuye a kan keke, da matashin da wuyansa ke lanƙwashe a kan waya. Allurar maleriya me za ta yi musu?

Ba wuya kaɗai ba ne. Ciwon suga yana cin jijiyoyi, ko da yake raɗaɗinsa ya fi farawa daga ƙafa. Ƙarancin bitamin B12 ma haka, kuma masu shan metformin, maganin ciwon suga, shekara da shekaru sun fi fuskantarsa. Awon hawan jini kuwa minti biyu ne. Idan ya zauna a 140/90 ko sama, akwai magana.

Abin da mutane ba sa so su ji shi ne, maganin kansa yana iya zama ciwon. Wanda ke shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko tramadol kwana 10, yana iya kamuwa da ciwon kan da ƙwayar ce ke rura shi. Ƙaho da tofi ba sa hana zuwa asibiti, don Allah a haɗa da gwaji.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe: shanyewar ɓarin jiki ke nan, ba shafar iska ba, kuma allurar narkar da gudan jini sai an yi ta cikin awa huɗu da rabi da fara alamun take aiki. Zafin hannun hagu da nauyin ƙirji da gumi na iya zama bugun zuciya. A nemi mota a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.